Man da Na Ce Ruwa Ne

Shekarun baya, can zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, motocin Filinge ba su da yawa. In ka ji kukan inji daga bayan tudu kana iya faɗin ta wane ce tun ba ta ɓullo ba. Maigidana yana da tasa, irin wadda ake ce wa kat-san-kat, mai buɗaɗɗen baya, tsohuwa tun ranar da ya saye ta. Da ita yake bin kasuwanni, yau Bonkuku, jibi Damana, wani satin ya nausa Sanam, ya kwaso mutane da buhunan hatsi da awaki, kowa bisa kowa. Amma duk inda ya je, in dai ba ta lalace masa a daji ba, gida yake kwana. Ban taɓa kiran sunansa ba har ya koma ga Allah. Direba nake ce masa, shi kuma ya ce mini uwar yara.

Ni kuwa man gyaɗa nake yi, ina tuyar farimasa, fanken ƙasarmu, a bakin tasha. Ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba, amma ku tambayi tsofaffin garinmu wa ake kira in gardamar mai ta tashi a kasuwa. Ni ce. Ɗigo ɗaya ya ishe ni. In murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, in kai hanci, in gaya miki gyaɗar bana ce ko ta bara, ta ƙone wurin suya ko an surka da wani abu. Na taɓa kayar da man ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, a gaban mai saye. Ta yi wata biyu ba ta gaishe ni, ban ji komai ba. Yadda wasu mata ke taƙama da ƴan kunnen zinariya, haka nake taƙama da yatsun nan biyu.

Murhuna yana kusa da wani babban gawo, inda taubashin maigidana ya kafa rumfar gyaran mota. Nan direbobi ke taruwa in babu lodi. Ba su da hira sai ta mota, a cikin ta motar ma babu abin da ke tada musu jijiyar wuya kamar man inji. Na saurare su har na haddace karatun nasu. A wurinsu mai na kirki shi ne mai kauri. Akwai wanda suke ce wa karant, akwai sankant da ya fi shi nauyi, shi ake zubawa da bazara. Sai mutum ya zaro sandar awo daga cikin inji, ya shafa a yatsa, ya buɗe yatsun a hankali. In man ya yi zare kamar yauƙin kuɓewa, sai a gyaɗa kai.

Kuma mai a garinmu ba ya mutuwa sau ɗaya. Wanda aka juye daga motar kwamanda mai mulkin gari ko ta ƴan furoje masu ayyukan raya karkara ba a zubar da shi. A tace shi da tsumma, ya shiga motocin kasuwa. In ya yi baƙi ƙirin a can, mai injin niƙa ya karɓa. In shi ma ya gama da shi, mu mata mu samu na shafa wa azara saboda gara, Buzaye su ɗiba don ƙazuwar raƙumi. Motar Direba ba ta ganin sabon mai sai kamar yadda talaka ke ganin nama, daga salla sai salla.

Wata shekara bayan damina, a hanyar Sanam, ya iske motar wani Annasara mai aikin rijiyoyi ta kafe cikin rairayi tun safe. Ya sauke fasinjojinsa, aka tona, aka shimfiɗa rassa, ya ɗaura igiya ya fizgo ta. Annasaran ya miƙo kuɗi, Direba ya ƙi karɓa. Sai mutumin ya buɗe bayan motarsa ya ɗauko bido guda, wato galan na ƙarfe, rufaffe, cike da man inji, ya ba shi. Mai tuƙa shi, wani Bazabarme, shi ya yi bayani. Ya ce sunan man santetik, haɗa shi ake yi a can ƙasarsu, zafi ba ya ƙona shi, kuma mota tana yin ninkin tafiyar da aka saba har da ƙari kafin a juye shi.

Yadda Direba ya shigo da bidon nan gida, sai ka ce jariri aka ba shi. Ya ɗauki zanena na zuwa biki ya naɗe shi, ya tura ƙarƙashin gado. Na ce ai zanen yana da mai shi. Ya ce abin da ke ciki ya fi zanen tsada.

Washegari ya tsiyayi kaɗan a gwangwanin tumatir ya kai gindin gawo. Man fari tas, yana gudu a gwangwani kamar shayi. Taubashin ya leƙa, ya karkata gwangwanin, ya kwashe da dariya.

“Wanga mai ne ko hawayen Annasara? Taubashi, ka tono mutum daga rami ya biya ka da ruwan wanke hannu.”

Daga nan tasha ta rabu biyu. Wani tsohon direba da ya taɓa jan babbar mota zuwa bakin teku ya ce shi ya ji labarin man, kuɗin bido ɗaya sai ya sayi rago, kuma Annasara ba wawa ba ne da zai ba da rago a kan ruwa. Taubashin ya ce mutumin da ke biyan kuɗi don kawai ya kalli raƙumin dawa yana cin ganye, me zai hana shi sayen ruwa. Wani ya ce man ƙasar sanyi ne, ranar ƙasarmu ta Kurfai za ta shanye shi tun ba a kai Bonkuku ba. Wani ya ce mai kyau ne amma na sabon inji, in ka zuba wa tsoho zai bi ta kowace kafa ya fita kamar kunu a kwando. Direba kuwa ya tsaya a kan cewa kauri daban ƙarfi daban, ai tsirkiyar fata siririya ce amma ta fi igiyar kaba riƙe kaya. Aka ce masa ya zuba mana a gani. Ya ce wannan ba man da ake zubawa don a burge majalisa ba ne. Sati uku ana abu ɗaya. Ni dai farimasa ta yi kasuwa, don mai gardama yunwa yake ji.

Dalilin da ya sa yake ajiyar man, ni ya fara gaya wa. Lokacin kowa maganar Arewa yake yi. An ce aikin haƙar ƙasa ya buɗe a Arlit, an shimfiɗa kwalta, direban da ke da lafiyayyar mota tsakanin Tawa da Agadas yana samun abin da kasuwanninmu ba sa bayarwa a shekara. Abu ɗaya ya hana Direba tafiya tun da daɗewa, injinsa yana zafi in tafiya ta yi tsawo. Ran nan yana cin tuwon rana, bai ko dube ni ba, ya ce:

“In man ga ya yi abin da aka ce, uwar yara, sai Arewa. Wata huɗu, wata biyar, in zo in gan ku in koma.”

Na ce Allah ya sa alheri. Iyakar abin da bakina ya faɗa ke nan.

Ina ƴar shekara bakwai mahaifina ya tafi Kurmi cin rani. Rani ɗaya ya ce. Na girma, aka yi mini aure, na haihu, mahaifiyata ba ta daina rufe masa tuwo a akushi ba. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana da rai ba. Ban taɓa gaya wa Direba inda abin nan yake zaune a cikina ba. A ƙasarmu maza tafiya suke yi, kuma macen da ta riƙe wa mijinta gefen riga sai ta zama abin hira a bakin rijiya. Ni da ake kira a raba gardama a kasuwa, in zauna ina roƙon namiji kada ya je neman na kansa? Girman kaina bai bar ni ba.

Sarkin tasha ne ya gaji da hayaniyar. Wata rana da hantsi ya ce su bar ɓata bakinsu, ga wadda hannunta ba ya ƙarya tana zaune tana jin su. Taubashin ya ce bai yarda ba, mace ai bayan mijinta za ta bi. Wani ya tuna masa abin da na yi wa ƙanwata. Direba ne ya fara amincewa, yana murmushi, ya ce duk abin da na faɗa ya ɗauka. Aka ƙulla a kan haka: in na ce mai ne, a ranar zai juye tsohon ya zuba wannan. In na ce a'a, ba zai shiga motarsa ba.

Na sauke kasko, na wanke hannu da toka, na goge. Suka fara ba ni sankant. Na murza, nauyi gare shi, yana kama fata, in ya ji ɗumi sai ya yi danƙo. Na ce wannan na san shi. Sannan aka miƙo gwangwanin tumatir.

Jama'a, na taɓa man gyaɗa, na taɓa man shanu da na kaɗe da na riɗi, ban taɓa taɓa abu irin wannan ba. Kowane mai in ka yi ta murza shi, akwai inda yake gajiya, sai ka ji fata ta haɗu da fata. Wannan na murza, na danna, na murza har yatsuna suka yi zafi, ba su haɗu ba. Siriri ne kamar ruwa, amma yana nan tsakani bai gusa ba. Ban san inji ba, amma na san abin da ake nema wurin mai, kuma na san ga shi a hannuna.

Na ɗaga kai na dubi Direba. Fuskarsa kamar ta wanda tela ke miƙo wa rigar salla. Na dubi motar, tana tsaye hancinta na kallon hanya.

“Ruwa ne,” na ce. “An surka shi, ba shi da jiki. In ni ce, ko a keken ɗinki ba ni sa shi.”

Gindin gawo ya ɗauki dariya. Taubashin ya jefar da sifana ya taka rawa, yana cewa matarsa ta gama magana, don haka yake kirana saboda wasan da ke tsakaninsu. Tsohon direban nan ya girgiza kai ya tashi. Direba bai yi dariya ba, bai yi musu ba. Ya karɓi gwangwanin, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, “To.” Na sha jin to a duniya, amma waccan har yau ba ta bar kunnena ba.

A ranar ya ɗauki bidon ya kai wa mai injin niƙan unguwarmu kyauta, ya dawo mini da zanena a ninke. Wannan injin niƙa kowa ya san shi, tari yake yi kamar tsohon mai shan taba, ya yi niƙa biyu ya tsaya ya huta. Ba a yi sati ba muryarsa ta sake. Ya riƙa yini yana aiki sumul, mata na yabo, mai injin yana ta sa wa Direba albarka. Ni kuwa sai na daina kai hatsina can. Na ce garin inji warin ƙarfe yake yi. Shekara guda cur ina daka da hannu, ga inji a bayan katangata, tafukana suka yi kanta, maƙwabta na cewa ga macen da ta riƙe al'ada. Al'adar me? Kunyar injin nake ji.

Na sha hango Direba in zai wuce wurin, ya tsaya ya karkata kai yana saurare. Sau ɗaya ya kai maganar injin can gindin gawo, taubashin ya ce injin niƙa ko man kaɗe ka zuba masa godiya zai yi. Daga nan bai sake tada ta ba. Ni ma bai taɓa tambayata ba.

Motar ta ƙara damina uku, sannan ta mutu a hanyar Damana, mutuwar da ba tashi. Shanu aka ɗaura suka jawo ta. Aka ɗora ta bisa duwatsu a bayan gida, kaji suka mai da ita wurin ƙwai. Cikin waɗanda suka tafi Arewa, wasu sun dawo sun gina gidan siminti, wani ya sayi motoci biyu, wani kuwa labarinsa kaɗai ya dawo. Direba ya koma gona, wani lokacin ya ja motar wani, har ido ya fara ba shi wahala ya bari. Kullum gida yake kwana. Ƴaƴana sun tashi suna ganin ubansu safe da yamma, shi ya aurar da su da bakinsa. Na samu abin da na so, ba zan ɓoye ba. Sai dai in babbar mota ta ratsa gari ta nufi hanyar Tawa, ko yana tsakiyar magana sai ya yi shiru, ya bi kukanta da kunne har ya ɓace, sannan ya ce, me nake cewa ma?

Soja suka sauka, farar hula suka hau, soja suka dawo, suka sake sauka. Kanmu ya yi fari. Ciwon ƙafa ya kwantar da Direba. Wata safiya yana kishingiɗe a rumfar tsakar gida ina shafa masa man shanu a ƙafafu, sai ya ce mini wani ɗan maƙwabcinmu da ya dawo daga Yamai ya ce yanzu santetik ya cika kantuna, masu sababbin motoci ba sa zuba wani. Ya yi ƴar dariya ya ce, ga ruwan nan naki ya ci duniya.

Hannuna ya tsaya a kan ƙafarsa. Ban shirya ba, maganar ce ta gaji da zama. Na gaya masa duka, da abin da yatsuna suka ji, da abin da bakina ya faɗa, da akushin mahaifiyata. Ina magana ina kallon ƙasa, ni da ban saba sunkuyar da kai gaban kowa ba.

Da na kai ƙarshe, sai ya ce:

“Ƙaƙa yake a hannu?”

Na ce me?

“Man. Ƙaƙa kika ji shi?”

Na bayyana masa, yadda na danna na murza yatsu suka ƙi haɗuwa. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai a hankali kamar mai jin wa'azi. Da na gama ya ce a kira masa taubashi.

Taubashin ya zo yana dogara sanda, bakinsa babu haƙori ko na rantsuwa. Direba ya sa na maimaita komai a gabansa, har da inda na ce ko a keken ɗinki. Tsohon nan ya saurara, ya dube ni ya ce ashe matarsa ɓarauniyar shari'a ce, sannan ya juya wurin Direba.

“Ko zuma aka ba ka, a injinka zuba za shi yi. Injin da ya ƙare tun kana saurayi.”

Direba ya yunƙura ya zauna, abin da ya yi kwanaki bai yi da kansa ba. Ya ce injinsa lafiyarsa lau, mai gyaran ne bai san aikinsa ba. Taubashin ya ce wa ya riƙe masa akwalar shekara da shekaru in ba shi ba. Suka dawo da karant, suka dawo da sankant, suka tono direbobin da suka daɗe a kabari suna kafa su shaida. Har aka kira azahar tsofaffi biyu na gardama a kan motar da kaji ke ƙwai a cikinta. Ni ina gefe ina jin su, ban san dariya nake yi ba ko kuka.

Da taubashin ya tafi na matso. Na tambaye shi ko bai yi fushi ba. Ya ce ya yi, tun ɗazu ya yi ya gama, ba shi da ƙarfin riƙe shi. Na ce da na sani da baki na gaya masa tun a lokacin, in ce kada ka tafi.

“Da baki kika faɗa, da na tahi,” ya ce. “Baki kowa na da shi. Hannunki ne ban iya musu da shi.”

Ya koma ya kwanta, ya miƙo mini ƙafar in ci gaba da shafawa. Ina cikin shafawa ya ce, ba da ɗaci ba, kamar mai magana da kansa:

“Amma na so in ga Agadas.”

Bai kai kakar shekarar ba.

Har yau in aka kawo mini mai nakan murza in faɗi abin da ke ciki, ban sake yi wa ɗigo ɗaya ƙarya ba. In kuka tambaye ni ko da za a mai da ni gindin gawon nan zan sake faɗin abin da na faɗa, ina jin zan sake. Shekarun da na ci da shi a gida ɗaya ba na ba da su don kowace irin gaskiya. Sai dai na gane ban karɓe su kyauta ba, daga hannunsa na ƙwace, kuma shi bai san ana ƙwata ba. Ya yarda da ni a wurin da na fi ƙarfi, nan na kayar da shi. Girman kan da ya hana ni roƙo bai hana ni wannan ba.

Abin da na fi kewa ba wani babban abu ba ne. Muryarsa ce in yana gardamar mai, yadda take hawa in an taɓa masa mota. Yanzu matasa na wucewa da motocin da ba ka jin kukansu sai sun zo kanka, ban san ta wane da wane ba.

In na ji an ce wani ya dawo daga Agadas, ina aikawa a kira mini shi. In ba shi tabarma da ruwa, in ce ya gaya mini tun daga fita Tawa: ina ake tsayawa, wane launi ƙasar take, me ake fara hangowa in an doshi garin. Suna zaton tsufa ne ya sa ni surutu. Ni kuwa haddacewa nake yi, don in Allah ya haɗa mu in samu abin da zan ba shi labari.